Shin Sarki Richard na Uku Mugu Ne Kamar Yadda Ake Faɗa?

Tambaya: Na kalli wasan kwaikwayon Shakespeare a kan Sarki Richard na Uku na Ingila, inda aka nuna shi mai ƙusumbi, mai kisan danginsa. Haka yake, ko sharri aka yi masa?

Amsa: Madalla da wannan tambaya, ɗana. Da sharri a ciki, da kuma gaskiya, sai mu rarrabe aya da tsakuwa.

Richard ya hau gadon sarauta a 1483, aka kashe shi a fagen yaƙin Bosworth a 1485, Henry Tudor ya karɓe mulki. Shi kuwa Shakespeare, a zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ya rubuta wasansa, kuma jikar Henry ce. Ka ga labarin daga bakin waɗanda suka kayar da shi ya fito.

A 2012 aka tono ƙasusuwan Richard a ƙarƙashin wani wurin ajiye motoci a birnin Lesta. Ƙashin bayansa a karkace yake gefe guda, har kafaɗar dama ta ɗan ɗara ta hagu, amma babu ƙusumbi, kuma hannun da aka ce shanyayye ne lafiyarsa lau. Majalisarsa ta 1484 ma ta yi dokokin kirki, ciki har da ba da beli ga wanda ake zargi.

Sai dai akwai maganar marayu. Yayan Richard, Sarki Edward na Huɗu, ya rasu a Afrilun 1483, ya bar 'ya'ya maza biyu, ɗan shekara 12 da ɗan shekara 9. Richard ne aka ba riƙon ƙasa kafin babban ya girma. Cikin 'yan watanni ya sa aka fille kan wani babban bafade, Lord Hastings, ba shari'a, aka ce auren iyayen yaran bai halatta ba, ya haye gadon da kansa. Yaran suna Hasumiyar Landan, wato gidan sarauta mai ganuwa, a hannunsa. Shekarar ba ta ƙare ba aka daina ganinsu.

Wannan zargi ba ƙirƙirar gidan Tudor ba ne. Wani Ba'italiye, Dominic Mancini, da ke Landan a lokacin, ya rubuta tun a 1483 cewa mutane na fargabar an hallaka yaran. Richard ya yi shekara biyu yana mulki, bai taɓa fito da su jama'a su gani ba.

Babu hujjar da ta tabbatar shi ya ba da umarnin kisa. Amma a ganina, ƙanen uban da aka damƙa wa amanar marayu, ya ƙwace gadonsu, suka ɓace a hannunsa, ba zai wanku daga wannan ba.