Darasi: Ikilisiya Mai Takawa Zuwa Gona

A sura 10 ta Bisharar Luka Ubangiji ya aiki almajirai saba'in da biyu, biyu biyu, zuwa garuruwan da shi kansa zai bi. Bai ce su kafa rumfa su jira masu zuwa ba. Ya umarce su su shiga gida da sallama, su ci abin da aka ba su, su warkar da marasa lafiya, sa'an nan su yi shelar Mulkin Allah. Mu lura da jerin: zama da ci da jinya sun riga wa'azi.

Duk wanda ya san ƙasar Bichi, Tsanyawa, Kunchi da Dambatta ya san gona tana manne da gona, da wuya a bar fili ya huta. Gero da dawa da wake da gyaɗa suna fita daga ƙasa ɗaya kowace shekara, da taimakon takin da jaki yake kaiwa a mangala tun da rani. Kiristocin karkara, da yawansu zuriyar Maguzawa, suna warwatse a gidaje nesa da juna tsakanin maƙwabta Musulmi. Lokacinsu kuwa ba nasu ba ne, na damina ne. Daga shuka zuwa noman fari da maimai, magidanci yana gona tun asuba. Idan muka sa koyarwar baftisma da hantsin Talata a watan Yuli, sa'an nan muka ce mutane sun yi sanyi a bangaskiya, mu ne ba mu karanta ƙasar ba. Katekis da ya ɗauki fartanya ya shiga gayya zai sami masu sauraro a gindin gawo, lokacin da ake dama fura, fiye da waɗanda ƙararrawa za ta tara masa.

Rani yana da nasa nauyi. Bayan kaka samari sukan tafi cin rani birni, a bar tsofaffi da mata da yara. A lokacin ne tsohuwa takan kwanta ciwo wata biyu ba wanda ya sanar da Fada, har ta rasu ba a shafe ta da mai ba, ba ta karɓi Jikin Ubangiji ba. Muna ƙirga waɗanda suka zo Misa. Wa yake ƙirga waɗanda ba su zo ba?

Kano ta zama mishan mai zaman kanta a 1991, ta zama dayosis a 1999. Gine-gine sun ƙaru, mun gode wa Allah, amma gini yana da wata jaraba, wato ta zama a ciki. A 2013 Fafaroma Francis, cikin Evangelii Gaudium, ya nuna ya fi son Ikilisiyar da ta kwashi ƙura da rauni a hanya da wadda ta kulle kanta ta kamu da ciwo.

Fitar nan kuma ba ta tsallake ƙofar kowa. Rijiyar da muka yashe, da amalanken da ya kai mai naƙuda asibiti, ba sa tambayar addini.

Saboda haka muna roƙon kowace majami'ar ƙauye, tare da Zumuntar Mata, ta rubuta sunayen tsofaffi da marasa lafiya kafin a gama girbin dawa, a raba gidajen ga mutane biyu biyu, a miƙa wa Fada takardar a ziyararsa ta gaba.