BABI NA BAKWAI: HAUSAR MAGOYA BAYAN ƘWALLON ƘAFA

7.1 Gabatarwa

A babin da ya gabata an bayyana cewa karin harshe iri biyu ne: akwai na nahiya, kamar Kananci da Sakkwatanci da Katsinanci, akwai kuma na rukuni, wato irin Hausar da sana'a ko shekaru ko sha'awar wani abu kan haifar a tsakanin wasu mutane. Wannan babi zai ɗauki rukuni ɗaya, magoya bayan ƙwallon ƙafa, ya dubi Hausarsu a lokacin da suke shirin bin ƙungiyarsu zuwa wani gari. An zaɓi wannan rukuni ne domin da wuya malami ya shiga ajin sakandare a yau bai tarar da 'ya'yansa a ciki ba, kuma Hausar da suka kwaso a bakin titi ita za su zubo masa a takardar insha'i.

7.2 Matanin Nazari

An kafa ƙungiyar Kano Pillars a 1990, gidanta kuwa shi ne filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Ta ɗauki kofin gasar Nijeriya a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Enyimba ta garin Aba, a Jihar Abiya, ita ce ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004. Tsakanin Kano da Aba akwai tafiyar da ta kusa kilomita 1,000. Hirar da ke biye shirya ta aka yi domin wannan darasi, bisa yadda ake jin irinta a teburin mai shayi:

Saurayi: Baba, ran Lahadi fa muna awe, Aba za mu.

Mai shayi: Za ku dai. Ni tun da aka cire tallafin mai ban ƙara wuce Katsina ba.

Saurayi: Haba Baba! Ai tikitin geti bai taka kara ya karya ba.

Mai shayi: Wa ya ce da kai geti ne matsala? Ga kuɗin mota zuwa da dawowa, ga kwana, ga ci, ga tebur a rufe kwana uku. Wa zai biya ni cinikina?

Direba: In kun cika mota, sai ku yi karo-karo ku ɗauki shata. Amma ni ba na tafiyar dare. Mu tashi da asubar Asabar, mu kwana Makurɗi, mu shiga Aba kafin a take wasa.

Saurayi: Ko maki ɗaya muka tsinto a can ai riba ce. Su dai zo Ƙofar Mata, a nan za mu yi musu wankin babban bargo.

Mai shayi: Ɗana, baƙo ba ya ɗaga murya a gidan mutane. In an ci ku, ku yi shiru ku nemi mota. In kun ci, ku fi yin shiru.

7.3 Gida da Baƙunta

Abin da ya fi jan hankali a Hausar wannan rukuni shi ne yadda aka gina ta a kan kalmar gida. Asalin ma'anarta muhallin da mutum yake kwana da iyalinsa. 'Yan ƙwallo sun faɗaɗa ta har ta ɗauki ma'anoni da dama. Filin da ƙungiya take wasa a garinta gida ne, shi ya sa ake cewa wasan gida da wasan waje. Ragar da ake karewa ma gida ce, daga nan aka sami mai tsaron gida, aka kuma sami bugun daga kai sai mai tsaron gida. Wanda ya riga masu tsaron baya shigewa ya laɓe yana jiran ƙwallo, an ce ya yi satar gida. Kirarin magoya bayan Pillars kansa, wato Sai Masu Gida, daga wannan tushe ya fito.

Tun da akwai gida, dole a sami baƙo. Don haka a labaran rediyo sai a ji cewa ƙungiya kaza za ta karɓi baƙuncin kaza, ko kaza za ta ziyarci kaza, ko ta yi tattaki zuwa can. Idan baƙuwar ta yi nasara, sai a ce ta bi ta har gida ta doke ta, maganar da ke ɗauke da nauyin abin kunya irin wanda Bahaushe yake ji idan aka ci zarafinsa a ƙofar gidansa. Ɗalibi ya lura cewa ba fassarar Turanci ba ce wannan. Al'adar baƙunta ce ta Hausawa aka ɗauko aka shimfiɗa a kan wasan da ya zo daga Ingila. Gargaɗin mai shayi na ƙarshe ma ladabin baƙo ne aka mayar da shi dabarar tsira da lafiya a filin wasu.

Haka fi'ilin ci yake yawo a hirar: a ci ƙwallo, a ci wasa, a ci mutane, ga kuma ci na ainihi wanda mai shayi ya lissafa a cikin kuɗin tafiya.

7.4 Aro

Kalmomi irin su tikiti da geti da gola da shata da kofi duk daga Turanci aka aro su, aka yi musu kwaskwarima. An ƙara wa geti da tikiti wasali a ƙarshe, saboda galibin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa. A kofi kuwa an musanya sautin p da f. Waɗannan sun zauna, babu laifi a rubuta su. Kalmar awe dabam take. Hausa tana da wasan waje, don haka ba buƙata ce ta kawo awe ba. Saurayin ya yi amfani da ita ne domin a san shi ɗan hannu ne. Irin wannan aro tamkar hular shaida ce ta 'yan rukuni.

7.5 Hujja da Buri

Bayan kalmomi, hirar tana da amfani wajen koyar da muhawara. Saurayi buri yake faɗa, yana yi masa ado da kambamawa. Mai shayi lissafi yake yi, kuma lissafinsa yana da tushe: a ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi a duk faɗin ƙasa. Direba ma ba tsoro ne kawai ya hana shi tafiyar dare ba. A watan Maris na 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar 'yan wasan Kano Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna kan hanyarsu ta zuwa Owerri, aka raunata wasu daga cikinsu.

A nan ne ya kamata malami ya nuna wa yara cewa matsalar kowane wuri da kamanninta. Masu zuwa gidan kallo sun san cewa a Ingila kuɗin shiga fili shi ne abin kuka. A watan Fabrairu na 2016 dubban magoya bayan Liverpool sun fice daga fili a minti na 77, domin nuna ƙin amincewa da tikitin fam 77, kuma a shekarar ce ƙungiyoyin gasar Firimiya suka amince kada tikitin baƙi ya wuce fam 30. Yaron da ya kwaso wannan ƙorafi ya ɗora wa tafiyar Aba ya yi aron hujjar da ba ta dace ba, domin a nan hanya ce take cinye aljihu, ba ƙofa ba.

7.6 Matsayin Malami

Wasu malamai da sun ga awe ko hom a takardar yaro sai su ja jan layi su rubuta cewa ba Hausa ba ce. Wannan hukunci ya yi gaggawa. Abin dubawa shi ne muhallin da kalmar ta fito. Idan yaro yana rubuta wasan kwaikwayo ko labari, ya sa awe a bakin saurayi ɗan ƙwallo, ya cancanci yabo, domin ya bai wa tauraronsa harshen da ya dace da shi. Idan kuwa wasiƙa yake rubuta wa shugaban makaranta yana neman motar da za ta kai ƙungiyarsu wasa a wani gari, to daidaitacciyar Hausa ake bukata, wasan waje zai rubuta. Malamin da ya haramta Hausar rukuni ɗungurungum zai sami yara masu tsoron alƙalami. Wanda ya sake mata linzami kuma zai tura su jarrabawa ba su san bambancin teburin mai shayi da ofis ba.

7.7 Jinga

1. Sake rubuta hirar da ke 7.2 a matsayin rahoton rediyo cikin daidaitacciyar Hausa, kada ya wuce layi goma sha biyu.

2. Bayyana ma'anar kunnen doki da canjaras da 'yan dagaji kamar yadda 'yan ƙwallo suke amfani da su, sannan ka nemo asalin ma'anar kowace.

3. Saurari hirar magoya bayan wata ƙungiya a garinku gab da wasan waje. Kawo kalmomin aro guda goma da ka ji, ka ware waɗanda Hausa take da madadinsu, sannan ka tsara darasin minti 40 a kansu domin aji biyu na ƙaramar sakandare.