Zaɓen Ɗaya Cikin Talatin: Darasi Bisa Ɗaurin Kabon da Haidirojin

A wannan fitowa ina so in yi bayani bisa wani abu na ilmin haɗa sinadarai wanda littattafan aji sukan wuce shi da sauri, alhali kuwa arahar magunguna da yawa a kansa ta rataya. Abin nan shi ne ɗaurin da ke tsakanin kabon da haidirojin, da yadda masana suka koyi kwance guda ɗaya tak su bar sauran.

Bari mu fara daga tushe. Kowane abu an gina shi ne da ƙwayoyin zarra. In suka ɗaure da juna sai su zama dunƙule, wanda masana ke kira molekul. Ƙwayar kabon, watau ainihin abin da ke cikin gawayi, hannu huɗu gare ta. Haidirojin kuwa hannu ɗaya ne da shi. A cikin mai, da kitse, da mafi yawan magunguna, ƙwayoyin kabon su ne ke riƙe da juna su zama ƙashin bayan dunƙulen, hannuwan da suka rage kuwa galibi haidirojin ke cike su.

Wahala biyu

Wahala ta farko ita ce ƙarfi. Kafin a tsinke ɗauri ɗaya na iskar mitan, watau iskar nan da ke fitowa daga rijiyoyin mai, sai an kashe kamar kilokalori 105 ga kowane mol. Cikin 1830 wani Bajamushe, Karl von Reichenbach, ya raɗa wa kakin da yau ake yin kyandir da shi suna farafin, daga Latinanci, ma'anarsa abin da ba ya shiga sha'anin kowa. Wuta kam tana cinsa, amma wuta ba ta zaɓe, duk ɗaurin take tsinkewa.

Wahala ta biyu ita ce kama. In aka gama mitan da iskar kulorin a hasken rana, abu huɗu za su fito a cakuɗe, gwargwadon yawan haidirojin da kulorin ya kora, ɗaya ne, ko biyu, ko uku, ko huɗu. To, mitan ke nan mai kabon ɗaya kurum. Ina ga dunƙule mai kabon ashirin?

Saboda haka a dā masana sukan bi doguwar hanya, su gina dunƙule mataki mataki daga ƙananan abubuwa masu mariƙi, kamar oksijin ko kulorin. Kowane mataki kuwa da asararsa. Ku ɗauki alli ku lissafa: in kowane mataki yana ba da 80 cikin 100, bayan mataki 10 saura kamar 11, bayan mataki 30 kuwa abin da ya rage kamar ɗaya ne cikin 800.

Haka aka sha fama da kotizon. Cikin 1948 likita Philip Hench na asibitin Mayo a Amurka ya ba wata mata mai tsananin amosanin gaɓɓai wannan magani, cikin 'yan kwanaki ta tashi tana tafiya. Amma daga ruwan maɗaciyar shanu kamfanin Merck ke yinsa, ta mataki fiye da 30, har a 1949 giram ɗaya ya kai dala 200. Masana sun ba kowane kabon na wannan dangi lamba. Kotizon yana bukatar oksijin a kan kabon na 11, na maɗaciya kuwa a kan na 12 yake. Ƙaurar da shi zuwa maƙwabcin nan ita ce ta cinye babban rabo na aikin.

Hanya ta farko: aron gwanintar mai rai

Cikin 1952 Durey Peterson da Herbert Murray na kamfanin Upjohn suka bayyana wani abin mamaki. Sun ba wata funfuna mai suna Rhizopus, dangin wadda ke fitowa a kan tsohon burodi, sinadarin da ake kira furojestaron. Shi wannan ana samunsa da araha daga wata doyar daji ta ƙasar Meksiko, ta hanyar da Russell Marker ya gano. Kabon 21 gare shi, da haidirojin 30. Funfuna ta tsallake 29, ta kama ɗaya a kan kabon na 11, ta sa oksijin a wurin. Daga nan hanyar kotizon ta gajarta, farashinsa ya faɗi ƙwarai.

Ina asirin? A jikin funfunar akwai wani enzayim mai rami kamar kube. Dunƙulen ba ya shiga sai ta fuska ɗaya, in ya zauna kuwa kabon na 11 ne ke fuskantar wata ƙwayar ƙarfe da ke riƙe da oksijin. Dangin wannan enzayim, da ake kira P450, suna nan cikin hantarmu, su ne ke sa wa magunguna da yawa oksijin domin jiki ya iya fid da su.

Hanya ta biyu: dunƙule ya miƙa hannunsa

Cikin 1960 Derek Barton, mutumin Ingila, da John Beaton suka nemi yin aldostaron, wanda ke daidaita gishiri da ruwa a jiki. Nan kuma kabon na 18 ake nema. Suka lura oksijin da ke kan na 11 yana dab da shi. Sai suka rataya wa oksijin nan wani ɗan guntu mai naitirojin, suka haska fitila. Haske ya tsinke guntun, oksijin ya zama mayunwaci, ya fizge haidirojin mafi kusa da shi, guntun kuma ya koma ya zauna a gurbin da aka bari. Akuyar da aka ɗaure a turke, iyakar tsawon igiyarta take kiwo. Sai dai kabon na 19 shi ma yana cikin da'irar igiyar, don haka wani kashi ya tafi can. Duk da haka sun sami aldostaron da yawa irin wanda ba a taɓa tarawa ba.

Hanya ta uku: dillali

Akwai abin da masana ke kira katalis. Ni nakan kira shi dillali, gama shi ke haɗa mai saye da mai sayarwa, a gama ciniki ya fita yadda ya shiga, ya nemi wani cinikin. Tun wajen 1970 Alexander Shilov a Rasha ya nuna gishirin filatinam yana iya taɓa ɗaurin mitan. Cikin 2007 kuma Christina White da ɗalibinta Mark Chen na Jami'ar Ilinoi a Amurka suka fito da ƙaramin dillali na baƙin ƙarfe, mai aiki da haidirojin feroksaid, ruwan nan mai kumfa da ake wanke miki da shi.

Dillalin nan ba shi da rami kamar enzayim, amma yana duba abu biyu. Yana son ɗaurin da ya wadata da lantarki, watau wanda ke nesa da oksijin, gama oksijin janye lantarki yake yi. Yana kuma son wurin da babu cunkoso. Sun gwada shi a kan atemisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro wanda Tu Youyou da abokan aikinta suka fitar a ƙasar Sin cikin 1972 daga wani tsiro dangin tazargade. Haidirojin 22 gare shi, amma aka sami oksijin galibi a kan kabon na 10. Amfanin irin wannan aiki shi ne, mai neman magani yana iya ɗaukar wanda aka riga aka gama ginawa, ya sāke masa wuri ɗaya ya gwada, ba sai ya rushe ya sake gini daga tushe ba.

Yadda za ku nuna wa yara

Ku sa yara su mulmula yumɓu, manyan ƙwallo su zama kabon, ƙanana haidirojin, tsinken tsintsiya ya zama ɗauri. Su sa kabon ɗaya a tsakiya, uku kewaye da shi, su cike sauran hannuwa. Wannan shi ne aisobutan. Za su ƙirga haidirojin 10, tara a gefe, ɗaya a tsakiya. A ido duk ɗaya suke, amma kama da wane ba wane ba ne: ƙarfin na gefe kamar 101 ne, na tsakiya kamar 96. Kulorin, da yake mai zafin nama ne, kusan kashi biyu cikin uku na aikinsa a gefe yake yi, don su suka fi yawa. Buromin kuwa mai sanyin hali ne, wajen 99 cikin 100 na tsakiyan nan yake zaɓa. Ku ce wa yara mayunwaci ba ya zaɓen tuwo, za su riƙe.

Ina roƙonku kada ku koya musu cewa farafin ba ya aikin kome sai ƙonewa. Cikinsu ne za a sami waɗanda za su ɗauki abin da ya rage. Ga misali, har yanzu masana'antu ba su da hanya mai araha ta juyar da mitan kai tsaye ya zama ruwan metanol mai sauƙin ɗauka, sai sun fara farfasa shi da zafi mai tsanani, alhali waɗansu ƙwayoyin halitta na cikin laka suna yin wannan aiki ba tare da wuta ba. Ga kuwa iskar ana ta ƙone ta a bakin rijiyoyin mai.

Tambayoyi

1. Don me wuta ba ta da amfani ga mai son sāke ɗauri ɗaya?
2. In kowane mataki yana ba da 90 cikin 100, nawa zai rage bayan mataki 5?
3. Mene ne bambancin yadda funfuna ke zaɓe da yadda Barton ya zaɓa?

Ku kawo amsoshinku ɗakin kimiyya, mu duba tare. Sai fitowa ta gaba.