Yadda Ake Haɗa Gajeren Fim da Yashi a Kan Gilashi

A shekarar 1969 wata ɗaliba a Jami'ar Havad ta Amurka, Caroline Leaf, ta baza yashi a kan gilashi, ta kunna fitila a ƙarƙashinsa, ta haɗa fim ɗinta na farko da yatsunta. Yau wayar hannu ta isa yin wannan aiki. Sharaɗin shi ne komai ya yi wa labari hidima, daga siffa zuwa kyamara da sauti.

Mataki na 1: Taƙaita labarin. Ka rubuta shi a jimla ɗaya, ka ce wa ke son me, kuma me ya hana shi. Yashi ya fi dacewa da labarin da abu ke rikiɗa ya zama wani, kamar mafarki, tatsuniya ko tuna baya. A fim ɗin Leaf na 1974, labarin mujiyar da ta auri dinya daga tatsuniyar mutanen Inuwit na arewacin Kanada, siffa kan narke ta koma wata ba tare da an yanke hoto ba.

Mataki na 2: Tanadi wurin aiki. Ka tankaɗe yashi da rariya, ka shanya shi ya bushe sarai. Ka ɗora gilashi a kan akwati, ka manna farar takarda a ƙarƙashinsa don hasken ya bazu daidai, sannan ka sa fitila a ciki. Rufe tagogi, domin hasken rana yana sauyawa, zai sa hoton ya riƙa ƙyaftawa.

Mataki na 3: Kafe wayar. Ka ɗaure ta a sama tana kallon gilashin, ka kulle haske da saitin ganinta. Manhaja irin Stop Motion Studio tana nuna inuwar hoton baya, ka ga iyakar inda za ka matsa. Hoto 12 ya isa daƙiƙa ɗaya, wato 720 a minti guda.

Mataki na 4: Zana da kauri. Inda yashi ya yi tudu, baƙi ne ƙirin. Inda ka share da yatsa, fari ne fat. Inda ka yayyafa kaɗan sai ya fito ruwan ƙasa. Tsinke na fitar da ido, gashin kaza na share gefe. Ka tara duhu a lokacin tsoro, ka buɗe fili idan hankali ya kwanta.

Mataki na 5: Motsa kallo ba tare da taɓa waya ba. Nan gwaninta take. Idan kana son mai kallo ya kusanci fuska, ka riƙa faɗaɗa ta kaɗan-kaɗan, hoto bayan hoto, har ido ɗaya ya cika gilashin, sannan baƙin idon ya zama rijiyar da labarin zai faɗa ciki. Idan kana son a ji kaɗaici, ka ƙanƙanta mutumin, ka bar fili fayau kewaye da shi. Kafin kowane motsi ka tambayi kanka: me mai kallo zai sani yanzu da bai sani ba ɗazu? In babu, bar hoton a tsaye.

Mataki na 6: Gina sauti. Norman McLaren, wanda mai zane ɗan Nijar Moustapha Alassane ya koyi aiki a wurinsa a Kanada, da hannu ya ƙirƙiri sautin fim ɗinsa Neighbours na 1952 a gefen zaren fim, don kowane tsalle ya zo da ƙararsa. Kai ma ka naɗi naka: murza leda don wuta, girgiza gero a ƙwarya don ruwan sama. In akwai kiɗa, naɗe shi tukuna, ka ƙirga hotuna nawa ke tsakanin bugu da bugu. Ka kuma bar shiru gab da babban abin da zai faru.

Mataki na 7: Gwada. Nuna wa wani fim ɗin babu sauti, sannan ya saurari sautin babu hoto. Inda labarin ya ɓace masa duka biyun, nan za ka gyara. Yashi ba ya ajiye zanen baya, saboda haka ka fara da daƙiƙa 20, ka kammala su, kafin ka tunkari minti guda.