Hukuncin Ba Da Hayar Ƙarƙashin Ruwa Don Kiwon Kifi

Kogi da tafki da madatsar ruwa irin ta Tiga dukiyar jama'a ce, hukuma amana kurum take riƙe da ita. To, ko ya halatta ta yanki wani gefe ta ba mutum haya, ya kafa kejin kifi ko ya yi kiwon kawa?

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Abyad ɗan Hammal ya roƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka masa wurin gishirin Ma'arib, ya ba shi. Da aka shaida wa Annabi gishirin nan tamkar ruwan idaniya yake, ba ya yankewa, sai ya karɓe. Daga nan malamai suka fahimci cewa abin da kowa ke ɗiba ba da wahala ba, ba a keɓe shi ga mutum guda.

Amma wanda ya zuba 'ya'yan kifinsa ya ciyar da su, guminsa yake ci. Hayarsa ta inganta in an san iyakar wurin da wa'adi da kuɗi, kuɗin kuma ya shiga baitulmali. Sayar masa da kifin da ke yawo cikin ruwa kuwa garari ne, an hana. In shingensa ya tare mashayar dabbobi ko hanyar kwalekwalen masunta, wajibi ne hukuma ta janye hayar. Allah ne Mafi sani.