Me ya haɗa yanar ido da bugun zuciya?

Wata mai sauraronmu daga Zinder ta tambaya: da gaske ne aibi a ƙwayar gado zai iya taɓa ido, ya kuma taɓa zuciya?

To, Malama, da gaske ne. Tantanin halittar jikinmu suna manne da juna, kuma tsakaninsu akwai 'yan ƙananan kafofi da gishirin jiki da abinci ke ratsawa. Wani furotin da ake kira konneksin ne ke gina su: guda 6 daga wannan tantani, 6 daga maƙwabcinsa, su haɗu su zama kafa ɗaya.

Madubin da ke cikin ido ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, ta waɗannan kafofi yake samun abinci. Idan aka gaji aibi a nau'in konneksin mai lamba 46 ko 50, sai madubin ya dushe, a haifi jariri da yanar ido, tsakiyar baƙin idonsa ta yi fari fat.

A zuciya kuwa, ta waɗannan kafofi siginar lantarki ke bi, har tsokar ta matse gaba ɗaya. Aibi a konneksin 40 kan sa ɗakunan sama na zuciya su riƙa karkarwa, bugun ya rikice. Na konneksin 43 kuma kan zo da ƙananan idanu, haƙora marasa ƙwari da yatsu a manne.

Duk jaririn da aka ga fari a idonsa, a garzaya da shi asibiti, domin tiyatar da aka yi da wuri ce ke ceto ganinsa.