Yadda Ake Sharhin Fim Ɗin Katun: Darasi Daga Spider-Verse

'Yan uwa ɗalibai, musamman na sashen koyon aikin jarida, idan malami ya ce a yi sharhin fim, yawancinmu labarin muke maimaitawa daga farko har ƙarshe, mu rufe da "fim ɗin ya yi kyau". Nan maki ke zubewa. Sharhi shi ne ka nuna yadda aka yi abin, da ko ya yi aiki. Zan yi misali da Spider-Man: Into the Spider-Verse na kamfanin Sony, wanda ya fito a 2018 ya kuma ci kyautar Oscar a 2019.

Ni da zane nake farawa, domin a katun babu abin da kyamara ta tsinta a hanya, komai da gangan aka sa shi. An saba nuna hoto 24 a kowane sakan. A wurin da Miles Morales ke koyon lilo da zare a daji, hotonsa sau 12 kawai yake canzawa a sakan, na Peter Parker kuwa sau 24. Shi ya sa za ka ga Miles yana tafiya kamar da gargada, Peter kuwa sumul. Ba wanda ya buɗe baki ya ce yaron ɗan koyo ne, motsin ya faɗa. Ka tsayar da fim ɗin a wayarka ka duba da kyau, za ka ga ɗige-ɗige a inuwar fuska irin na tsofaffin littattafan barkwanci, abin da ke nesa kuma launinsa ya ɗan goce daga layi kamar injin buga takarda ya yi kuskure. Irin wannan ake so ka kamo, ka faɗi amfaninsa.

Sai tafiyar labari, wato ina aka yi sauri, ina aka ja birki. Riƙe biro, ka rubuta mintin da hankalinka ya fara komawa WhatsApp. A ganina wurin da ya fi ƙarfi shi ne mafi shiru: mahaifin Miles, ɗan sanda, yana magana ta bayan ƙofa, ɗan kuma an ɗaure shi a kujera an toshe masa baki, ba halin amsawa. Saboda wannan jinkirin ne tsallen da ya yi daga dogon bene ya ratsa jiki, inda aka kifa hoton, faɗuwarsa ta zama kamar tashi sama.

Kada kuma kyautar Oscar ta rufe maka baki. Faɗan ƙarshe launuka sun yi masa yawa, ido ya rasa wa zai bi. Peni da Spider-Ham sun shigo a makare, ba su samu fili ba. In za ka rubuta haka, ambaci wurin da mintinsa, don malami ya iya dubawa da kansa.